Cinikin Ashaka da kishin ƙasa na fatar baki

Tun daga watan Disambar 2024, lokacin da Holcim, kamfanin siminti na ƙasar Switzerland, ya sanar da cewa zai sayar wa kamfanin siminti na Huaxin na China hannun jarinsa a kamfanin Lafarge Africa, wanda aka ƙiyasta darajarsa gaba ɗaya kan kimanin dala biliyan 1, cinikin da ya haɗa da masana'antar siminti ta Ashaka a ƙaramar hukumar Funakaye, ake ta maimaita ƙorafi guda a majalisun Gombe, wai an miƙa arzikinmu ga baƙi. Masu wannan magana ba su ce uffan ba tsawon shekarun da Turawa ke riƙe da masana'antar, kuma su ne kan gaba wajen tafa wa Dangote duk lokacin da ya kafa masana'anta a ƙasar wani.

Da sun bi labarin Dangoten da suke alfahari da shi, da sun gane inda gizo ke saƙa. A Tanzaniya, masana'antarsa ta Mtwara da aka buɗe a 2015 ta dakatar da aiki a 2016, ana tsakiyar taƙaddama kan tsadar makamashi bayan gwamnati ta hana shigo da gawayin kwal, sai da Shugaba Magufuli ya sa baki. A Habasha abin ya fi muni, domin a watan Mayun 2018 an bindige manajan kamfanin da ma'aikata biyu kusa da masana'antar Mugher, a yankin da matasa suka daɗe suna kukan rashin aiki. Shi ma MTN na Afirka ta Kudu ya sha tarar dala biliyan 5.2 a Najeriya a 2015 saboda layukan da ba a yi wa rajista ba, kafin a sasanta kan naira biliyan 330.

Ba ƙarancin kuɗi ne ya jawo wa ko ɗaya daga cikinsu wannan ba. Kamfanin da ya taso a ƙasa mai tasowa ya saba da rashin wuta da lalacewar hanya tun daga gida. Abin da ke kayar da shi a waje shi ne gwamnatin masu masauki da mutanen da ke kwana a gindin katangarsa.

Huaxin ya zaɓi sayen ginanniya maimakon fara tono daga tushe, dabarar da wasu masana ke yabawa kamar ita ce ƙarshen wayo. Sun manta cewa wanda ya sayi gida ya sayi maƙwabta. Ya gaji mahaƙar kwal ta Maiganga da al'ummomin da ke kewaye da ita, ya gaji direbobin tirela da dillalai, ya gaji saurayin Bajoga da ke kallon ƙurar siminti a kan ganyen gonar mahaifinsa, takardar difloma na ninke a aljihu.

A nan ya kamata gwamnatin jiha da sarakunan yankin su matsa, su nemi a rubuce adadin 'yan ƙasa da za a ɗauka da irin kwangilar da za a bar wa 'yan kasuwar Gombe. Masu ihun an miƙa arzikinmu ga baƙi kuwa, a tuna musu cewa Holcim ɗin da ya sayar yana da kaso mai tsoka a cikin Huaxin ɗin da ya saya.