Kuɗin wuce mil bayan an mayar da mota a Birtaniya

Dokar bashin masu saye ta Birtaniya ta shekarar 1974, a sashe na 99 da na 100, ta bai wa wanda ya ɗauki mota bashi da niyyar saye, yana biya wata-wata, 'yancin ya mayar da ita ya raba gari da kamfanin, matuƙar ya biya rabin jimillar kuɗin yarjejeniyar kuma ya kula da motar yadda ya kamata. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasu kamfanoni ke jira sai mutum ya miƙa makulli, hankalinsa ya kwanta, sannan wasiƙa ta biyo baya tana neman kuɗin mil ɗin da ya haura adadin da aka ƙayyade masa, ana lissafa kowane mil da 'yan kwabbai har su taru su zama ɗaruruwan fam, alhali sassan nan biyu ba su ambaci mil ba ko sau ɗaya.

Kaiwa rabin ma ba wasa ba ne, domin a tsarin PCP, wato inda ake biyan kaɗan-kaɗan wata-wata sannan a yi babban biya ɗaya a ƙarshe in ana son mallakar motar, ana haɗa wannan babban biyan ƙarshe cikin jimillar, sai mutum ya kusa ƙarshen wa'adi kafin ya kai. Dillali kuwa, ranar sa hannu, sau da yawa yakan rubuta mil kaɗan don kuɗin wata ya yi sauƙi a ido, ba tare da ya tambayi mai saye nisan gidansa da wurin aikinsa ba.