An Sauƙaƙa Dokokin Dungeons & Dragons, Amma Wa Ya Ɗauki Kayan da Aka Sauke?

Gardamar nan ta masu buga Dungeons & Dragons ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Sama da shekara goma ke nan da fitowar bugu na biyar a 2014, amma har gobe in tsofaffin 'yan wasa suka haɗu sai ka ji wani yana huci, wai an lalata wasan, an mayar da shi na yara. Ni dai ina tare da waɗanda suka sauƙaƙa dokokin. Sai dai akwai ƙorafi guda ɗaya da na ɗauka da muhimmanci, kuma abin mamaki ba shi ne aka fi ɗaga murya a kansa ba.

Ga wanda bai san wasan ba: mutum huɗu ko biyar ne ke zama a tebur, kowa ya ƙirƙiri jarumin da zai zama a cikin labari, wani mayaƙi, wani ɓarawo, wani boka. Mutum ɗaya shi ne jagora, shi ke bayyana duniyar da suke ciki, shi ke magana da bakin sarakuna da dodanni. In ka ce jaruminka zai haura katanga ko zai sari abokin gaba, sai ka jefa dayis mai fuska ashirin, a haɗa da lambobin da ke kan takardarka, a ga ko ka dace. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a 1974 a Amurka, ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani mai suna TSR a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin. A 1997 Wizards of the Coast ya saye TSR, bayan shekara biyu Hasbro ya saye Wizards ɗin.

To, mu duba abin da ake kuka an rasa. A bugu na biyu, na 1989, akwai wata lamba da ake kira THAC0. In kana son sanin ko takobinka ya samu abokin gaba, sai ka ɗebe lambar sulkensa daga THAC0 ɗinka, sakamakon shi ne abin da dayis zai ba ka. Kuma sulke a lokacin, ƙaramar lamba ita ce mai ƙarfi, har takan gangara ƙasa da sifili. Wato in lambarka 15 ce, sulkensa 3, kana buƙatar 12 ko sama. In sulkensa ya kai biyu ƙasa da sifili, kana buƙatar 17, domin ɗebe abin da ke ƙasa da sifili ƙari ne. Sabon shiga ya zo jin labarin dodo, sai ya tsinci kansa a ajin lissafi. Da bugu na uku ya fito a 2000 aka juya abin, babbar lamba ta zama ita ce mai kyau, kuma a lokacin ma an samu masu cewa an zubar wa wasan da mutunci. Yau ba kowa ke iya tsayawa ya kare THAC0 da gaske ba, sai dai don tuna baya.

Bugu na ukun, da gyaransa na 2003 da ake kira 3.5, sun zo da nasu nauyin. Kowane abu na da lambar da yake ƙarawa ko ragewa, kuma lambobin suna da jinsi: na sa'a daban, na ƙarfin gwiwa daban, na kaucewa daban, wasu suna hawa kan juna, wasu ba sa hawa. Jarumi babba kafin ya kai sara ɗaya, mai shi zai haɗa lambobi bakwai ko takwas. Dokar kokawa kuwa ta zama abin ba'a a tsakanin 'yan wasa, domin da zarar wani ya ce zai rungumi abokin gaba ya kayar, sai wasa ya tsaya cak, kowa ya buɗe littafi. Ɓuya fasaha ce daban, tafiya ba motsi fasaha ce daban, gani daban, saurare daban, bincike daban, kowacce da makin da za ka zuba mata.

Bugu na biyar ya share yawancin wannan da doka ɗaya. In yanayi ya ba ka fifiko, jefa dayis biyu ka ɗauki babbar lamba. In yanayi ya juya maka baya, jefa biyu ka ɗauki ƙaramar. Shi ke nan. Wanda damarsa ta dacewa rabi da rabi ce, fifiko na kai ta kashi 75 cikin ɗari, kuma ba ya buƙatar sanin wannan lissafin kafin ya ji daɗin abin, ganin dayis biyu a hannunsa ya isa. Fasahohin nan masu tarin yawa suka koma 18. Lambar ƙwarewa, wadda ake ƙara wa jifa a abin da jarumi ya iya, ta tashi daga 2 ta tsaya a 6 komai girman jarumi, don haka gungun ƙananan maƙiya na iya razana babban mayaƙi har ƙarshen wasa. Boka kuma ba ya iya riƙe manyan tsafe-tsafe masu ɗorewa fiye da ɗaya a lokaci guda. Kafin su fitar da shi sun shafe wajen shekara biyu, tun daga 2012, suna raba daftarin ga jama'a suna karɓar ra'ayi, saboda sun sha wuya a hannun mutane a 2008.

Labarin 2008 ɗin ya cancanci a tsaya a kansa. Bugu na huɗu, da ya fito a shekarar, ya sauya wasan sosai, mutane da yawa suka ce ya koma kamar wasan kwamfuta. Kamfanin Paizo, wanda a da shi ke buga mujallun D&D, ya yi amfani da lasisin da Wizards ya buɗe wa kowa a 2000 na amfani da dokokin wasan, ya ɗauki dokokin 3.5 ya gyara, ya fitar da Pathfinder a 2009. Jama'a suka yi tururuwa can, har aka yi shekarun da Pathfinder ya fi D&D ciniki a shagunan wasanni na Amurka. Saboda haka ban yarda da masu cewa ƙorafin 'yan wasa surutu ne kawai ba. Sun taɓa juya wa kamfani baya, ya kuma ji a jikinsa.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin masu kukan an mayar da wasa na yara, abin da ke damunsu shi ne jarin da suka zuba. Mutum ya yi shekaru yana haddace littattafai, ya san wace baiwa za a haɗa da wace don jarumi ya gagara, ana zuwa wurinsa neman fatawa. Rana ɗaya aka wayi gari yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta koyi wasan a zama ɗaya. Kamar tsohon direba ne da ya ƙware a giya da kuloci, ya ga an cika titi da motoci masu canja giya da kansu, ya ce waɗannan ba direbobi ba ne. Ina tausaya masa, amma wahalar koyo ba ita ce zurfin wasa ba. Zurfin yana cikin shawarar da za ka yanke: ka ceci ɗan'uwanka da ya faɗi, ko ka bi ɓarawon da ke guduwa da taswira. Haɗa lambobi takwas bai ƙara wa wannan shawarar komai ba, jinkirta ta kawai yake yi. Kuma da wasan bai yi sauƙi ba, ina shakkar shirin Critical Role, inda ake kallon wasu suna buga wasan a intanet, da ya fara a 2015 zai samu masu kallon da ya samu. Wa zai zauna awa huɗu yana kallon mutane suna duba jadawali?

Yanzu ga ƙorafin da na ce na yarda da shi. Dokokin da aka cire daga littafi ba ɓacewa suka yi ba, kan jagora suka koma. A 3.5 kowane kayan tsafi na da farashinsa a rubuce, akwai kuma jadawalin dukiyar da ta kamaci jarumi a kowane mataki. A littafin jagora na 2014 sai aka ce kayan da ba a cika samu ba kuɗinsa daga zinare 501 zuwa 5,000. Tsakanin waɗannan lambobi biyu akwai tafiya mai nisa, kuma jagora ne zai yanke, shi ne kuma zai sha gardama in 'yan wasa ba su gamsu ba. Littafin ya gina lissafinsa a kan cewa jarumai za su yi faɗa shida zuwa takwas kafin su kwanta barci, alhali tebura da yawa faɗa ɗaya ko biyu suke yi. Sakamakon haka boka na zubar da duk ƙarfinsa a karo guda, mayaƙi ya zama ɗan kallo, sai jagora ya koma gida yana ƙirƙirar gyaran da ya kamata a ce kamfani ya yi.

Ita kanta dokar fifikon da na yaba tana da ramukanta. Fifiko ba ya taruwa, kuma cikas ɗaya na soke fifiko goma, haka ma fifiko ɗaya na soke cikas goma. Maharbin da ke harbi daga nesa ƙwarai yana da cikas. Amma in hazo ya rufe su, shi bai ga maƙiyi ba, maƙiyi bai gan shi ba, komai ya soke komai, sai ya jefa dayis ɗaya kamar ba abin da ya faru, muddin ya canki inda mutumin yake tsaye. Wato hazo ya gyara masa saiti! Jagora mai hankali zai hana, amma kun ga an sake komawa kansa. Ɗan wasa ya samu sauƙi, wanda ke shirya masa zaman ya samu ƙarin aiki, kuma ba a banza ba ko'ina ka je masu son bugawa sun ninka masu yarda su jagoranta.

Gyaran da aka yi wa bugu na biyar a 2024 ya taɓa wasu daga ciki. Gajiya a da jadawali ce mai hawa shida, kowane hawa da nasa hukuncin da ba mai iya riƙewa a ka, yanzu kowane hawa na rage maki 2 daga jifarka, a na shida jarumi ya mutu. Wannan sauƙi ne na gaske, ga ɗan wasa da jagora baki ɗaya. Amma a gefe guda an ƙara wa makamai dabaru na musamman, littafin 'yan wasa ya kumbura ya kai shafi 384, sai ga wasu da suka yi shekaru suna cewa wasan ya yi sauƙi da yawa sun koma cewa faɗa ya yi jinkiri. Zuciyar mutane ma ba ta gama hucewa ba daga rikicin Janairun 2023, lokacin da kamfanin ya so ya sauya buɗaɗɗen lasisin nan, aka yi masa ca, ya janye, har ya saki tushen dokokin bugu na biyar ƙarƙashin Creative Commons, lasisin da ke bai wa kowa damar amfani da su kyauta. Da yawa daga fushin da aka sauke kan sababbin littattafan, fushin wancan watan ne.

Ga mai son lissafi mai kauri, Pathfinder na nan, bugunsa na biyu ya fito a 2019 da tsari mai tsauri wanda jagorori da yawa ke yabo saboda ma'aunin ƙarfin dodanninsa na aiki. Mai son tsohon yayi ma an sake buga masa dokokin shekarun 1970 da 1980 da sunaye daban-daban. Abin da nake nema a wurin Wizards shi ne duk dokar da za su cire nan gaba, su zaunar da sabon jagora ya gwada tafiyar da wasa ba tare da ita ba, kafin su tambayi 'yan wasa ko sun ji daɗi.