Motar da Aka Haɗa a Kaduna Ake Nema wa Takardar Kwastan

Ranar Talatar da ta wuce na fito daga ofishin rajistar motoci jikina yana rawa. Sai da na samu gindin darbejiya na zauna kusan rabin awa kafin na iya tare adaidaita. Shekarata 57 a duniya. Na kwana a layin mai, na tsaya a ƙofar banki tun asuba lokacin canjin kuɗi na 2023, na yi safa da marwa a kan fasfo. Duk na haɗiye. Wannan karon abin ya ƙi wuce mini a maƙogwaro, domin kayan mahaifina aka taɓa.

Fijo 504 ce, ruwan madara, ta 1979. Baba, Allah ya jiƙansa, malamin makaranta ne, da bashin mota ya saye ta sabuwa fil, ledar kujerunta ma ba a cire ba. Ina aji biyar a firamare ranar da ta shigo layinmu. Lambarta irin ta wancan zamanin ce, baƙin faranti da fararen haruffa, KN a gaba. Duk yaran unguwa sun haddace ta, in ka hango ta daga bakin titi sai ka gyara hularka, ka san Malam ya dawo. Da aka kawo sabon tsarin lamba na bai-ɗaya a 1992, Baba ya bi doka kamar yadda ya saba, aka kwance baƙar aka ɗaura sabuwa. Bayan rasuwarsa a 2008 motar ta zauna a gareji, tayoyinta suka sace, kaji suka mayar da ƙarƙashinta akurki.

Shekara uku na yi ina tayar da ita da ɗan abin da nake ragewa daga albashi. Wanda ya taɓa neman kafireton 504 a Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta nan Kano, ya san me nake nufi. Farantin gaba na same shi a ɗakin shirgi, cikin tsohuwar akwatin ƙarfe, a ƙarƙashin littattafan darasin Baba. Na baya kuwa ya ɓace. Na tambayi duk wanda zan tambaya, har wani dattijo ya tuna mini da fanabitan da ke yi wa Baba aiki a da. Mutumin ya rasu, ɗansa ne a wurin. Ina cikin yi masa bayani sai idona ya kai kan ƙyauren shagon. Ga farantin nan an kafe shi da ƙusa huɗu, an toshe wani rami da shi don kada ɓera ya shiga. Yaron nan da hannunsa ya ciro ƙusoshin, ya goge farantin da gefen rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Baba, Allah ya jiƙan magabata." Ko sisi ya ƙi karɓa. Ku riƙe wannan yaron a ranku, domin yanzu za ku ji labarin wani sa'ansa mai takardar digiri.

Abu biyu suka kai ni ofishin. In mayar da motar sunana tunda gado ce, sannan in ji ko akwai hanyar da doka ta yarda in riƙe lambarta ta asali. Na tafi da komai: rasidin sayen mota na 1979, tsohon littafin rajista, lasin na shekaru da dama da Baba ya jera ya ɗaure da zare, takardar rabon gado daga kotu, da farantan nan biyu a naɗe cikin tsohon rawaninsa. Ban je neman alfarma ba. Da kuɗina na je.

Ƙarfe tara na kama layi, sai wajen sha biyu da rabi na iso taga. Yaro ne da ba zai girmi ɗana na biyu ba, abin sauraro a kunne ɗaya, ƙullin gyaɗa a gabansa. Na yi sallama. Shiru. Na sake. Ya ɗaga mini yatsa ɗaya ba tare da ya ɗago kai ba, har sai da bidiyon da yake kallo ya ƙare. Sannan ya ce, "Ehen?"

Na ce, "Ɗana, barka da aiki. Wata tsohuwar mota ce ta mahaifina nake so a yi wa rajista."

Ya ja takardun da hannun da yake cin gyaɗa. Rasidin nan da ya shekara fiye da 40 ba tabo a jikinsa, ina kallo mai ya zauna a kusurwarsa. Ya juya, ya juya, ya ce, "Ina takardar kwastan?"

Na ce, "Ba ta da takardar kwastan, a Kaduna aka haɗa ta."

Ya cire abin kunnensa, ya dube ni karo na farko. "A Kaduna? Malam, Fijo motar Faransa ce. Kowace mota ta boda ko ta tashar ruwa take shigowa. In babu takardar kwastan, to ta fasa-ƙwauri ce."

Ta fasa-ƙwauri. Motar mutumin da ya shekara 35 yana riƙe da alli, wanda ko lasin bai taɓa bari ya ƙare masa ba. Na danne zuciyata na yi masa bayani a hankali, kamar yadda Baba zai yi wa ɗan aji. Na ce tun 1975 aka fara haɗa Fijo a unguwar Kakuri ta Kaduna, dubban mutane suka ci abinci a masana'antar nan, kuma 504 ba ta daina fitowa daga can ba sai bayan shekarar 2000. Na ce lokacin mulkin soja na Obasanjo ita ce motar manyan jami'an gwamnati. Ya juya wurin abokiyar aikinsa ya ce, "Kin ji wai a Najeriya ake ƙera Fijo." Suka yi dariya su biyu. Mutanen da ke bayana a layi suka fara tsaki, kuma ni suke yi wa, don na tsare musu taga.

Da ya gaji da dariya ya ce in karanto lambar shasi. Na karanto, ya buga, kwamfuta ta ƙi karɓa. Ya ce, "Ba ta cika ba, 17 ake so." Na ce tsarin haruffa da lambobi 17 a 1981 ya zama ƙa'ida, wannan motar ta girme shi, abin da ke bugge a jikin ƙarfenta ke nan, ga shi kuma a rasit. Ya ɗaga kafaɗa. "Babu a sistem." Na ce to me doka ta tanada wa motar da ta girmi sistem? Ya ce, "In ka ga dama mu cika da sifili-sifili, amma sai ka ga yaron can mai jar hula a waje." Kun gane yaron can. Kowa ya san shi, kowane ofishi akwai irinsa a gindin bishiya. Wato in sa hannu a kan lambar shasi ta ƙarya a takardar gwamnati, in kuma biya na goro a kan haka. Gobe a tsayar da ni a shinge, a buɗe bonet, a ga lamba ba ta yi daidai ba, wa za a kira ɓarawon mota? Shi ko ni?

Sai na yi abin da nake nadamarsa har yau. Na warware rawanin, na ɗora farantan a kan kanta, na ce, "Wannan ce lambarta ta asali. Akwai yadda za a yi a bar mata ita? Ko nawa ne zan biya, ko da za a haɗa mata da ta yanzu."

Ya ɗauki ɗaya da yatsu biyu kamar ya tsinci mushe. Ya ƙwanƙwasa shi a kan kanta, fentin harafi ɗaya ya ɓantare a gabana. Ya ce, "Alhaji, wannan ai kayan 'yan gwangwan ne. Ka haɗa da motar duka su auna maka a kilo, ka cika ka sayi 'yar Kwatano ka huta." Ya tura farantin ta ƙarƙashin taga, ya faɗi ƙasa da ƙara. Ya ce, "Na gaba."

Na sunkuya a gaban mutane na ɗauka. Ba wanda ya ce masa kanzil.

Na nemi ganin oga. Aka ce yana mitin. Na jira har la'asar, ya fito yana amsa waya, na bi shi har bakin motarsa ina "Yallaɓai, Yallaɓai." Shi dai bai zage ni ba, zan faɗi gaskiyarsa. Ya saurare ni na minti ɗaya, ya ce babu wani tanadi na tsohuwar lamba, kundin wancan lokacin kuma bai san inda suke ba, wataƙila ruwa ya ci, wataƙila gara. Ya ce in ina son lamba ta musamman akwai ta masu sa sunansu, in na shirya kuɗin. Ya rufe ƙofa.

A nan ne na gane in na tsaya kan yaron taga, na bar jaki ina dukan taiki. Rashin kunyarsa tasa ce, ba zan wanke shi ba, iyayensa ma da sun gani ba za su ji daɗi ba. Amma jahilcinsa wa ya ɗora masa? An haife shi a ƙasar da ba ta ƙera komai a gabansa ba. Tun da ya buɗe ido motar da ya sani ita ce wadda Bature ya gama morewa aka loda a jirgin ruwa zuwa Kwatano. Ba a koya masa a makaranta cewa a Legas an haɗa Volkswagen, a Bauchi an haɗa Steyr, a nan Kano an haɗa manyan motocin Fiat ba. Waɗanda suka bar masana'antun nan suka durƙushe, suka bar masaƙun Kaduna suka koma kango, su ne suka rubuta fom ɗin da ba shi da gurbin motar gida. Fom ɗin ya san kwastan, ya san boda, bai san Kakuri ba.

Kuma duk lokacin da aka tuna da lambar mota a ƙasar nan, aljihunmu aka tuna. A 1992 aka ce kowa ya canza. A 2011 aka sake fito da wata mai taswirar Najeriya, aka juya haruffan ƙaramar hukuma suka dawo gaba, aka sa wa'adi, aka ɗaga, aka sake ɗagawa, har kotu aka je. Motar da nake zuwa aiki da ita na biya na canza mata a lokacin, lambar da ba abin da ya same ta. A farkon 2023 inshorar dole ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000. A shekarar dai aka ɓullo da sabunta shaidar mallakar mota duk shekara, wai in riƙa biya don a tabbatar mini motata tawa ce. Duk mun biya. To ina kundin da kuɗinmu ya kamata ya adana? Ofishin da ke karɓar kuɗin lasin daga hannun Baba shekara da shekaru, yau ba shi da shafi ɗaya da ke nuna motar ta taɓa wanzuwa. Malamin firamare ya adana rasit a akwatin ƙarfe, hukuma mai ma'aikata da kasafin kuɗi ta bar wa gara.

Mai kuɗi in yana son a buga laƙabinsa ko sarautarsa a faranti, akwai fom, akwai farashi, akwai kujerar zama a ofishin oga. Wasu ma ba lamba suke yawo, baƙin gilas da jiniya, a shinge a sara musu. Ni da na zo da takardu cikakku ina roƙon a nuna mini hanyar halal, ni ne aka tura wurin mai jar hula.

Abin da nake nema ba wani sabon abu ba ne a duniya. A Ingila motar da ta kai shekara 40 ana sa ta a ajin motocin tarihi, a ɗauke mata harajin hanya, kuma wadda aka ƙera kafin 1980 an yarda ta ɗaura baƙin faranti irin na da. In lambarta ta asali ta ɓace daga kundi, mai ita yana iya kawo tsofaffin takardu, ƙungiyar masu irin motar ta tantance, a mayar masa da ita. A Jamus tun 1997 motar da ta shekara 30 tana samun lamba mai harafin H a ƙarshe. A Amurka jihohi da yawa sun yarda mutum ya nemo farantin shekarar da aka ƙera motarsa ya yi rajista da shi. Motar Baba da a Landan take, da baƙin faranti za ta hau titi ba mai tsayar da ita. A garin da aka saye ta, awa uku daga inda aka haɗa ta, kilo ake yi mata tayi.

Mu ma jama'a ba mu fita ba. Mu ne muke kallon badala ana yankawa ana kafa shaguna. Mu ne in tsoho ya rasu, kafin sadakar arba'in an kira 'yan gwangwan sun kwashe keken ɗinkinsa da rediyonsa. Tun da na fara gyaran motar nan, mutum nawa suka ce mini asarar kuɗi nake? Ko a layin nan na ranar Talata akwai masu furfura irina, waɗanda na tabbata a bayan 504 aka kai su makaranta ko aka kawo amarensu. Farantin ya faɗi a gaban ƙafafunsu, suka matsa gaba suka cike gurbina.

Motar tana nan a gareji, an yi fenti, inji yana tashi bugu ɗaya, giyar sitiyarinta tana shiga sumul. Sau ɗaya na gwada fita da ita zuwa gidan mai, aka tsayar da ni a shingen farko, na sha magana kafin aka bar ni na juyo. Hajiya mahaifiyata ta haura 80, idonta ya yi rauni, amma ranar da aka tayar da injin daga ɗakinta ta gane ƙararsa, ta fito tana dafa bango tana kuka. Ta ce abu ɗaya take so, in kai ta ƙauyenmu a cikinta da Sallah, ta zauna a kujerar gaba inda ta saba zama. Jiya da daddare ta sake tambayata ko an gama takardun. Na ce mata ana kai.