Batir a Hammata

Darakta ne ya kafe sai an ɗauki sin ɗin rabuwa na fim ɗinmu a waje, tsakiyar hunturu, wai a takarda an rubuta "rana ta haska fuskarta". Muka isa fili muka tarar sama ta rufe ruf, ko alamar rana babu. Ni mai kyamara na gyara tsayuwa na shiga yi musu karatu: gajimare baza haske yake yi, ba inuwa mai kaifi a ƙarƙashin hanci, ba mai runtse ido. Sai dai fuska takan fito a shafe, launi ya karkata zuwa shuɗi, don hasken irin wannan rana kan haura 6500 a ma'aunin Kelvin na launin haske, alhali kyamara an saba saita ta a 5600. In kuma ka bar farar sama ta cika hoton, kyamara ta rage haske, jaruma ta koma duhu.

Darakta ya danƙa wa ƙaninsa faifan azurfar nan mai mayar da haske. Wane hasken zai mayar? Yaron ya yi ta juya shi yana neman rana. Na ce a nemo baƙin ƙyalle a tsaya da shi gefe guda, ko fuskar ta samu 'yar inuwa. Aka tuɓe wa mai sauti baƙar rigar sanyinsa. Ku riƙe wannan, domin ramuwa ya yi.

Sanyi da batir ba sa ga maciji. Yanzu ka gan shi sama da rabi, an jima kyamara ta yi ɗif. Dabarar ita ce ka ajiye na canji a jikinka ya sha ɗumi, ni kuwa aljihuna cike da tarkace, sai na cusa shi a hammata, can ƙasan riguna uku.

To, akwai wani dattijo mai lema. Ba a ruwa, amma lemarsa a buɗe. Tun muna kafa kaya ya tsaya a bayan kafaɗata yana leƙa allon kyamara. "Yaro, hoton naka ya yi duhu." Na ce, "Baba, za a gyara a editin." Ya ce shi a zamaninsa sai an jira rana. Ya ɗaga kai ya duba sama ya ce nan da ɗan lokaci za ta fito. Haka ya yi ta maimaitawa, ga lemar ta tare min ɗan hasken da nake lallaɓawa. Darakta kuma, da ake ganin zai yi magana, sai "haka ne, Baba" yake ta zubawa.

Jarumarmu, kun san ta da kuka, sai an sha wuya. Ranar iska ta taimaka, hawaye suka zubo shar. Darakta ya ce akshin cikin raɗa. Tana buɗe baki kyamara ta mutu.

Na zura hannu a hammata. Wayam. Ina ɗaga hannun nan na ji abin ya sulale ta haƙarƙari, ya wuce ƙugu, ya faɗa ƙafar wando. Wandon kuma na tura bakinsa cikin safa saboda sanyi. Jama'a, mutum goma sun yi tsit suna jira, yarinya ta riƙe hawaye a ido tana cewa "Yaya, yi sauri, za su bushe," ni kuwa ina tsaye da ƙafa ɗaya ina karkaɗa ɗayar kamar zakaran da ya taka garwashi. Batir ya maƙale a gwiwa. Na bi shi da hannu ta waje ina turawa, ina lallashinsa, har da ce masa "haba mana, sauka". Na duƙa zan zare safar, yatsu sun sandare sun ƙi kamawa. Da na fizga, takalmi ya yi gabas, batir ya gangara ya tsaya a gaban dattijon.

Ya sunkuya a hankali ya ɗauka, ya jujjuya shi, ya sa a kumatunsa. "Ai kuwa da ɗuminsa," in ji shi. Sannan ya shinshina. Wallahi ya shinshina. Wa ya aike shi? Ya miƙo min da yatsa biyu.

Mai sauti bai kashe na'urarsa ba. "Haba mana, sauka" ɗin nan yanzu shi ne ƙarar wayarsa.

Kafin na saka batir hawaye sun bushe. Na shiga mota da kyamara don in ji ɗumi, gilashinta ya yi gumi nan take, sai da muka jira ya washe. Muna komawa mun ɗauki rabin sin ɗin, rana ta leƙo, inuwa ta bayyana ko'ina, abin da muka ɗauka a baya ya ƙi haɗuwa da na gaba. Ƙanin darakta ya samu aiki a ƙarshe, ya dalle wa jaruma ido da faifansa. Dattijo ya rufe lemarsa, ya dube ni, bai ce komai ba, kuma da ya yi magana da ya fi min sauƙi.

Darakta yanzu yana cewa a mayar da sin ɗin cikin ɗaki. Ni dai ba a ce min komai ba tukuna. Safar ma bakinta ya saki.