Attajiran Zariya ba marowata ba ne, mu ne ba mu iya roƙo ba

Shekara shida ke nan ina jagorantar kwamitin neman tallafi na wata ƙungiyar kula da marayu a nan Zariya. Ba ni ke rabon shinkafa ba. Aikina shi ne sallama a ƙofar masu hannu da shuni. Duk wanda ya ji haka sai ya ce, "Malam, sannu da haƙuri, masu kuɗin garin nan hannunsu a dunƙule yake." A da nakan gyaɗa kai. Yanzu na daina.

Shekarar farko mun yi abin da kowa ke yi, wato bikin ƙaddamar da gidauniya. Muka kama zaure, muka yi hayar rumfa da kujeru da lasifika, muka buga katin gayyata mai ruwan zinare. Ga uban taro, ga uwar taro, ga babban mai ƙaddamarwa. Sanƙira na ta zuba kirari, kowa ya karɓi makirufo ya ambaci miliyan, a yi kabbara. Da dare muka tattara alkawura, har wani daga cikinmu ya yi hawaye. Bayan wata uku, abin da ya shiga asusu bai kai rabin rabi ba. Ka buga waya, a ce Alhaji na Abuja. Ka sake bugawa, a ce ya tafi Umara. Mai rumfa kuwa tun ranar ya karɓi nasa lakadan.

Na daɗe ina jin haushinsu, sai daga baya na gane mu muka ja. Ka tara jama'a, ka kira sunan mutum a gaban tsararsa, me kake so ya ce? Kunya ce ta yi alkawarin, ita kuwa kunya tana watsewa tare da taro.

Wanda ya buɗe min ido wani dattijo ne mai sana'ar hatsi a Sabon Gari. Na same shi bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi, na fara jawo hadisin nan na cewa Annabi (SAW) da mai kula da maraya kamar yatsu biyu suke a Aljanna. Ya bari na kai aya, sannan ya ce, "Ɗana, na san hadisin tun ba a haife ka ba. Yara nawa ne? Su wa ke sa hannu a asusunku? Kuɗin bara ina suka tafi?" Ta farko na amsa. Ta biyu na yi in-ina. Ta uku na sunkuyar da kai. Na ce, "Baba, a yi min afuwa." Ya ba ni kuɗin mota ya ce in je in dawo.

Mutumin da ba ya barin a sauke buhu ɗaya bai shiga littafi ba, ta yaya zai miƙa miliyoyi ga wanda ba shi da littafi?

Sai muka koma gida muka gyara. Rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da sunayen amintattu, takardar da banki ke nema daga SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram, asusu mai sa hannun mutum uku, akanta daga waje, da rahoto duk ƙarshen zangon karatu. Aiki ne mai gundura, ba kabbara, ba hoto. Amma ranar da na koma da fayil a hannu, Baba ya sa tabarau ya bi shi layi-layi, har ya kama mu da kuskuren lissafin kuɗin sabulu. Tun daga ranar yake ɗauke da karatun aji guda.

Akwai kuma batun zakka, wanda yawancin masu ƙungiya ke tsallakewa. Zariya garin malamai ne, attajirin da za ka samu sau da yawa ya zauna a zaure ya yi karatun fiƙihu. Ya san nisabi, wato adadin da zakka ke wajaba a kai, misƙali 20 ne na zinare, kimanin giram 85, ya san abin fitarwa ɗaya bisa 40 ne. Ya kuma san cewa a aya ta 60 ta Suratut Tauba, cikin rukunin mutane 8 da aka lissafa masu cin zakka babu maraya da sunansa. Ta ƙofar talauci yake shiga, marayan da ya gaji dukiya ba ya ci. In ka haɗa zakkarsa da kuɗin fenti da albashin maigadi a tukunya ɗaya, ka jefa ibadarsa cikin shakka, kuma ba zai sake ba ka ba. Mu yanzu littafi biyu gare mu, na zakka daban, na sauran tallafi daban.

Ita zakkar ma sau ɗaya take zuwa a shekara, galibi da azumi. Kuɗin makaranta kuwa sau uku ne, kuma yaro mai sikila ba ya jiran Ramadan kafin a kwantar da shi a asibitin koyarwa na Shika. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kasafin da muka yi a farkon shekara ba ya kai mu damina. Shi ya sa na daina roƙon buhu, na koma roƙon waƙafi, wato kadarar da ake tsarewa don Allah ana ciyar da amfaninta. Ba sabon abu ba ne, Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a, Sayyidina Umar ya tsare gonarsa ta Khaibar ana ciyar da amfaninta. Mu nan muna da Samaru, unguwar jami'a. Tun 1962 da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello ɗalibai ke neman ɗakin haya. Ɗakuna kaɗan ko shago ɗaya a can ya fi mana tirelar shinkafa.

Af, kada in manta da hajiyoyi. Shekara uku muna bin maza kawai, alhali a cikin gidajen Tudun Wada da cikin birni akwai mata masu cinikin gwal da atamfa waɗanda ba sa son a ambaci sunansu ko da wasa. Wata daga cikinsu ce ta sa muka daina jera yara a ɗauke su hoto da kwano a hannu. Ta ce, "Malam, in ɗanka ne za ka sa shi a Facebook haka?" Ban sami amsa ba.

Jibi zan koma wajen Baba kan maganar wani shago nasa a Samaru. Wannan ne zuwa na huɗu. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai ce in zo masa da lauya da kuma malamin da zai duba takardar waƙafin.