Tamowa a Maradi: Awon Dantse da Ƙunshin Gyaɗar da Ake Rabawa Gida Duka

Duk shekara, daga Yuni zuwa Oktoba, rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, sai gadajen yara a asibitocin jihar Maradi su cika, musamman wajen Madarumfa da Gidan Rumji, inda tun 2019 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙaru a kan mutanen gari. Tun yunwar 2005 ake yaƙi da tamowa a nan, kuma maganinta sananne ne. Abin da ke kashe yaro shi ne a kawo shi a makare. Ni a ganina, gara a sa igiyar awon dantse, mai launi kore da rawaya da ja, a hannun kowace uwa da a jira yaro ya kai gadon asibiti.

Awon ba wuya. Yaro daga wata 6 zuwa 59, a saki hannunsa na hagu, a nemo tsakiyar dantse tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a zagaya igiyar, kada a matse, kada a bar ta sakwaf. Kore lafiya lau. Rawaya, wato santimita 11.5 zuwa 12.5, tamowa ta fara. Ja, ƙasa da 11.5, a tafi likita ranar nan. Sannan a danna bayan ƙafafun biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. In rami ya zauna, kumburi ne, kuma ya fi rama haɗari, ko da igiya ta nuna kore. Nan ake yawan ruɗuwa, sai a ce yaro ya yi ƙiba.

In yaro yana iya ci, a gida ake jinyarsa da Plumpy'Nut, wato markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai gina jiki da ake bayarwa a ƙunshi a matsayin magani, ana dawowa awo kowane mako. Ƙunshi ɗaya giram 92 ne, ana ƙirga yawansa bisa nauyin yaron. To a nan gizo ke saƙar. Uwa ta koma gida, yayye uku sun zuba mata ido, ba ta iya hana su, wani lokaci ma a sayar da rabi a sayo hatsi. Ba na ganin laifinta, yunwa ce. Amma yaron da aka ƙirga wa ƙunshi uku a yini ya samu ɗaya, nauyinsa ba zai motsa ba. Shi ya sa duk shirin da ya ba da maganin bai haɗa da tallafin abinci ko kuɗi ga gidan ba, ya yi rabin aiki. Kuma ba a dama Plumpy'Nut a kunu ko ruwa, don ya fi saurin lalacewa. A ba da nono tukuna, sai a matsa masa daga ƙunshin, a bi da ruwa mai tsabta.

Yaron da ya ƙi ci, ko yake amai da zazzaɓi, ko jikinsa ya saki, kwanciya ce tasa a CRENI, sashen asibiti na jinyar tamowa mai tsanani, inda ake farawa da madarar magani ta F-75 kaɗan-kaɗan, domin cika masa ciki lokaci guda na iya kayar da zuciyarsa.

Ga zazzaɓin cizon sauro kuma. Maganin rigakafin damina na yara daga wata 3 zuwa 59 kwana uku ake sha kowane wata. Ma'aikaci ya ba da na ranar farko, na biyu da na uku suna hannun uwa, kuma su ne ake mantawa ko a ajiye "sai ya yi ciwo". Zazzaɓi ɗaya ya isa ya mayar da awon yaro ja.

Iyaye maza, ku ma da naku: kuɗin kabu-kabu da izinin fita ranar awo a hannunku suke, ko da ana tsakiyar noma. Ba a sallamar yaro don an ga kumatunsa sun ciko, sai dantse ya kai 12.5 a awo biyu jere, kumburi kuma ya tafi.