Kada ka ce wa Inna "akwai shi a can"

Jibi zan koma Ingila, hutu ya ƙare. Tun shekaranjiya Inna ta mayar da tsakar gidanmu na Argungu tamkar rumfar kasuwa. Ga kuka an baza a tabarma tana shan iska, ga busasshiyar kuɓewa a faifai, ƙanwata tana dakan yaji tana atishawa. Wani abokina da muke gari ɗaya a can ya kira ni ta bidiyo, da ya hango kayan sai ya ce, "Malam, me ya sa kake wahalar da tsohuwa? Ai duk akwai su a shagon 'yan Afirka." Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Shagunan dai akwai su, ban musa ba. Za ka samu manja, garin rogo, doya da agushi, domin galibi cimar 'yan uwanmu na Kudu da mutanen Gana ce ta cika su. Kuka kuwa sai ka dace, in ma ka samu ta daɗe a leda har korenta ya dusashe. Amma ko da a ce komai na nan sabo fil, ba zan hana Inna ɗaure kayanta ba.

Tun ranar da ka fara turo kuɗi gida wani abu ya juya. Matar da ta shekara ashirin tana zuba maka tuwo, tana ɓoye maka ƙanzo, yanzu ita ke jiran saƙonka ƙarshen wata. Kuɗin magani kai ne, kuɗin makarantar ƙanne kai ne, har gyaran katangar da damina ta zubar. Ba za ta faɗa ba, kunya da kawaici ba za su bar ta ba, amma tana ji a jikinta. Abin da ya rage a hannunta, wanda fam ɗinka ba ya saye, shi ne wannan ƙunshi. In ka ce mata "ki bari Inna, akwai shi a can," abin da kunnenta ya ji shi ne babu sauran abin da za ta iya yi maka.

Jiya na zauna ina kallonta. Daddawa sai da ta shinshina ta, ta mayar da kashi biyu ta ce ba ta nuna ba. Wadda ta zaɓa ta saka a leda uku, ta naɗe da tsohon zanenta don kada wari ya kama mini tufafi. Ƙullin yaji ta ɗaure da jan zare, na garin kunu da baƙi, wai kada in ruɗe. A watan Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa a can tun kafin ƙarfe huɗu, ka dawo aiki cikin duhu da sanyi, ka kwance zanen nan ƙamshin ɗakinta ya bugi hancinka, ranar za ka gane abin da aka ba ka.

Inda iyayenmu suke da haƙƙi a kanmu shi ne mu gaya musu doka. Ingila ba ta yarda matafiyi daga Najeriya ya shiga da nama ko kayan madara ba, wato kilishi, dambun nama da man shanu duk sun fita. Zuwana na farko ban bincika ba, a filin jirgi aka karɓe kilishin da ta saya da kuɗin adashinta, ina tsaye ina kallo. Har yau abin na ci mini rai. Busasshen kifi kuwa an yarda da shi har kilo 20 ga mutum ɗaya, mu kuma Kabawa me muke da shi da ya fi kifi? Da na gaya mata haka, washegari ta aika Yawuri.

Jakar da kamfanin jirgi ya yarje mini kilo 23 ce. Ɗazu muka ɗora ta a sikelin mai shagon unguwarmu, ta haura da kilo huɗu. Inna ta yi shiru, ta miƙa hannu za ta zare ƙullin tsamiya. Na riƙe hannunta, na fitar da takalma biyu da babbar riga na ba ƙanena.